Kasafin Gwamnati Ne Ke Fasa Asusun Gida

A shekarar 2023 kuɗin kujerar aikin Hajji bai kai naira miliyan uku ba. A 2025 maniyyacin da zai tashi daga arewa sai da ya biya sama da miliyan takwas. Duk wanda ya san yadda mutanenmu ke haɗa kuɗin Makka ya san nauyin wannan magana. Manomi ne a Suru ko Bunza a nan jihar Kebbi da ke ware 'yan buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, duk kaka, ko tsohuwa mai kiwon tumaki a bayan ɗaki tana sayarwa duk Babbar Salla, ko malamin firamare da ya daɗe yana tsakurar albashi yana ajiyewa. Da yawansu sun kusa cika kuɗin, sai aka wayi gari abin da suka tara bai kai rabin kujera ba. Ba su yi almubazzaranci ba, ɓarawo bai haura musu katanga ba. Shawarwarin da aka yanke a Abuja ne suka iske su har ƙuryar ɗaki.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji wani babba ya hau mumbarin taro yana cewa matsalar talakan arewa ita ce rashin al'adar tanadi. A Kebbi? Ƙasar da yarinya tun tana tallar gyaɗa uwarta ke saya mata kwano ɗaya ɗaya saboda ranar aure? Ƙasar da ake gina rumbu kafin a gyara ɗakin kwana? Muna da adashi, muna da asusu, muna da kiwo, muna da ajiyar hatsi da albasa zuwa bazara. Abin da ya ragu shi ne rarar da za a ajiye, kuma abin da aka ajiye ɗin ma ya daina riƙe darajarsa. Waɗannan abubuwa biyu kuwa, rara da daraja, suna hannun wanda ke yanke haraji, yake cin bashi, yake tsara inda kuɗin jama'a za su tafi. Ra'ayina ke nan, kuma zan faɗi dalilaina.

Mu fara da giɓin kasafi, don shi ne tushen ɓarnar da ba a gani da ido. Idan abin da gwamnati za ta kashe ya fi abin da ta samu, dole ta cike giɓin. Shekaru da dama gwamnatin tarayya ta riƙa cike nata ta hanyar karɓar rance kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya. Dokar bankin ta 2007 ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya shi kafin shekara ta ƙare. Ba a bi wannan ba. Bashin ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma a watan Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Kuɗin da Babban Banki ke bai wa gwamnati ba daga gumin kowa suka fito ba, ƙirƙirar su ake yi. Kamar mai nono ce ta ƙara ruwa a ƙwarya: ƙwaryar ta cika, amma kowane ludayi ya rage ƙarfi. Naira ta yawaita a hannu, buhun gero bai ƙaru a kasuwar Jega ba, don haka farashi ya tashi.

A ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. A sauƙaƙe: wanda ya ɗaure naira dubu 100 a ƙasan katifa shekara guda, ranar da ya kwance su abin dubu 75 kawai za su saya masa. An karɓe masa rubu'in dukiyarsa ba tare da takardar haraji ba, ba tare da rasiɗi ba. Wanda ya kai banki ma bai tsira ba, don ruwan da ake ba ajiyar talaka bai fi kashi 8 da 'yan kai ba a lokacin, kuma yawancin mutanenmu ba sa karɓarsa saboda gudun riba. Attajiri yana da mafita: ya sayi dala, ya sayi fili a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ko Abuja, ya sayi zinari. Mai dubu 100 ba ta da fili da za ta saya.

A gidan gwaggona a Birnin Kebbi na ga yadda wannan lissafi ke shiga tsakanin mata. Ita ce uwar adashin unguwarsu tun ina yaro, tana da tsohon littafin makaranta da ta ja wa layi, kowace mace da shafinta. Su goma sha biyu ne, zubin wata-wata. Da can ba a rigima kan wa za ta fara kwasa, wasu ma sun fi son ɗaukar ƙarshe don ya dace da biki ko azumi. A 2024 sai kowa ta ce ita ce farko. Dalilin a fili yake: wadda ta kwasa a watan farko ta sayi keken ɗinki, wadda ta kwasa a na goma sha biyu ta je shago da kuɗi daidai da na waccan, aka ce mata sai ta ciko. Na tambaye ta, na ce, "Gwaggo, yaya kuka ƙare?" Ta ce, "Ɗana, zumunci ya kusa ɓaci. Mun bar zubin kuɗi, yanzu shinkafa muke zubawa, kowa kwano biyu. Kwano dai kwano ne ko bana ko baɗi." Matan nan ba su karanta ilimin tattalin arziki ba, amma sun gane cewa naira ta daina zama ma'ajiya, suka nemi wata. Sai dai uku daga cikinsu sun fita gaba ɗaya, don ko kwano biyun ba sa iya warewa.

Sai batun tallafin mai. A nan zan saɓa wa wasu abokaina: ni ina ganin cire shi ya zama dole. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin inda man ke tafiya. Wanda ya taɓa bin hanyar Kamba ko Lolo ko Tsamiya ya ga babura ɗauke da jarkoki suna tsallakawa Nijar da Benin, har ta kai a ƙarshen 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4. Kuɗin da ya kamata su gina asibiti ne ake zuba wa mai motoci biyar da ɗan fasa-ƙwauri. Ba na kukan tafiyarsa.

Abin da nake kuka da shi shi ne yadda aka yi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Makonni biyu bayan haka aka saki naira a kasuwar canji, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta kama hanya har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. Duka biyu a lokaci guda, kuma babu abin da aka shimfiɗa wa mutane kafin su faɗo. Mafi ƙarancin albashi ya zauna a dubu 30 har Yulin 2024, wata goma sha huɗu bayan cire tallafin. Me ma'aikaci ya ci a wannan tsakani? Tanadinsa ya ci. Ya sayar da babur, matarsa ta sayar da ɗan kunne, aka fasa asusun yara. Da aka zo aka ƙara albashin zuwa dubu 70, Gwamna Nasir Idris ma ya sa na Kebbi dubu 75, an gode, amma a auna: dubu 30 na 2019 sun fi dala 80, dubu 70 na 2024 ba su kai dala 50 ba.

Ma'aikacin gwamnati ma ke nan, wanda ke da ƙungiya mai yi masa magana. Yawancin mutanen jihar nan manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa, ba su da ranar albashi. A fadamar Argungu da Zauro da Suru, noman rani na shinkafa da fetur yake tafiya. Ƙaramin injin ban ruwa ne ake kafawa a bakin rijiyar burtsatse, a ɗaura masa tiyo, kuma shinkafa ba ta san an cire tallafi ba, ruwanta take so duk bayan 'yan kwanaki har wata uku zuwa huɗu. Na tsaya a gonar wani dattijo ɗan garinmu da rana tsaka, injin a kashe, ƙasar kwamin ta fara tsagewa, shi kuma yana karkata jarka yana tsiyayar ɗan abin da ya rage a gora. Na ce, "Baba, ina bijimin nan naka?" Ya ce, "Yana cikin injin nan, yaro." Ya sayar da shi ne don sayen mai da taki. Bijimin nan shi ne ajiyarsa ta auren 'ya, shi ne kuɗin asibiti idan ta ɓaci. Ya mayar da tanadi jari ba don ya so ba, da fatan idan shanshera ta yi kuɗi ya maye gurbinsa.

To a nan ne gwamnati ta sake iske shi. Tarihin shinkafar Kebbi tarihin manufofin gwamnati ne daga farko har ƙarshe. A nan jihar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. A 2016 aka fito da shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Duk wannan saƙo ɗaya yake isarwa: ku noma shinkafa, gwamnati za ta tsare muku kasuwa. Mutane suka yarda. Matasa suka dawo daga ci-rani, ma'aikata suka zuba kuɗin sallamarsu a fadama, mata suka sayi tukwanen turara shinkafa. Ko ambaliyar 2020 da ta shafe gonaki masu yawa ba ta sa an ja da baya ba.

Sai a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da shinkafar da ba a gama cashewa ba, da masara da alkama da wake, na tsawon kwana 150. Na fahimci dalilin. Yunwa ta yi tsanani, zanga-zangar tsadar rayuwa tana tafe, kuma mai sayen kwano a kasuwa shi ma ɗan ƙasa ne. Da farashin abinci ya sauko a 2025, gidaje da yawa sun numfasa, har da nawa. Amma a dubi manomin da ya sayi mai da taki da tsada, ya girbe, ya jibge buhuna a ɗaki yana jiran bazara kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Buhun nan shi ne bankinsa. Farashin shanshera ya faɗi, na taki da maganin feshi bai bi shi ƙasa ba. Wanda ya ajiye ya yi asara, wanda ya sayar tun a bakin gona ya fi shi. Wane darasi aka koya masa? Cewa ajiya wauta ce. Ƙasashen da suka ɗauki noma da muhimmanci, irin su Indiya, suna sanar da farashin da gwamnati za ta sayi shinkafa da alkama a kansa tun kafin girbi, don manomi ya san ƙasan da ba zai faɗa ƙasa da shi ba. Mu a nan rana ɗaya a rufe iyaka, rana ɗaya a buɗe, manomi ya ji a rediyo.

Wannan rashin tabbas, a ganina, ya fi kowane haraji kashe zuciyar tanadi. Mutum ba ya ajiya sai ya yarda gobe za ta yi kama da yau. Canjin kuɗi na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 aikin Babban Banki ne, ba na kasafi ba, amma talaka bai raba su, a wurinsa duk gwamnati ce. Mutanen ƙauye da suka yi biyayya suka kai tsofaffin kuɗinsu banki sun koma suna kwana a layi, suna sayen kuɗinsu da kuɗi a wurin masu POS. Sai da maƙwabciyarmu Zamfara tare da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Yanzu je ka ce wa mai sayar da kifi a Yauri ya kai kuɗinsa banki, ka ji amsar da zai ba ka.

Ina kuɗin da aka ce an yi tsiminsu da cire tallafi? Wannan tambaya ce da ya kamata kowane ɗan Kebbi ya iya amsawa, kuma amsar ba a Abuja kaɗai take ba. Kafin Mayun 2023 abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. A 2025 an kai ga raba tiriliyan biyu a wata guda. Ma'ana, abin da ya fita daga aljihun mai injin ban ruwa da ɗan kabu-kabu, wani kaso nasa ya dawo Birnin Kebbi da sakatariyoyin ƙananan hukumominmu 21. Gaskiya ne naira ta rage daraja, gwamnati ma tana sayen siminti da tsada. Duk da haka kuɗin sun ƙaru, kuma daga gidajen mutane aka ɗebo su. Adalci shi ne su koma ta hanyar da za ta bar wa gida rara.

Rabon kayan tallafi ba ya yin wannan aiki. An sanar da cewa za a ba kowace jiha naira biliyan 5 a Agustan 2023, an raba shinkafa, an yi alkawarin dubu 25 sau uku ga gidaje miliyan 15. Wanda ya samu ya ci, Allah ya amfana. Amma ba a taɓa yin tanadi da abin da ba a san ranar zuwansa ba, kuma ba a san ko sunanka na cikin takardar ba. Rabon injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana da gwamnatin jiha ta yi ya fi kusa da abin da nake nufi, don yana cire wa manomi kuɗin mai na shekaru. Tambayar ita ce ko ya isa hannun mai gona, ko ya tsaya a hannun mai katin jam'iyya.

Idan aka tambaye ni abin da ya fi komai fasa asusu a gidajenmu, zan ce ciwo. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci suke fitowa. Haihuwa ta zo da gardama a ce sai an yi aiki, yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ce sai ƙarin jini, tsoho ya kamu da ciwon suga. Dare ɗaya akuya ta tafi, tunkiya ta bi ta, a je wa uwar adashi da roƙon a ba da kwasa kafin lokaci. A Abuja aka yi taron 2001 inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Jihar Kebbi tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Da ni ke da iko, kafin a ƙara ko da shataletale ɗaya a babban birni, sai na biya wa mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin shiga wannan tsari a kowace mazaɓa, na kuma tabbatar akwai magani da ma'aikaciya a asibitin da za su je. Naira ɗaya da aka kashe a nan tana tsare naira da yawa a cikin gida, don ciwon da aka tare da wuri ba ya cin saniya.

Haka tsaro. A ƙasar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, da kuma yankin Augie da Arewa inda 'yan bindigar Lakurawa suka ɓullo, garken shanu shi ne taskar iyali, kuma shi ɓarayi ke fara kora. Wanda ba a kore nasa ba yana sayarwa da araha don tsoro. Wanda aka sace wa ɗa yana sayar da gona ya biya fansa, tanadin shekara ashirin ya tafi a mako guda. Tsaro ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka a cikin ɓangarorin kasafin tarayya shekara da shekaru. Mutumin da ya biya haraji don a tsare shi, ya sake biyan 'yan sa-kai, ya sake biyan ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa, sau uku ke nan ya biya kuɗin abu ɗaya.

Bashin gwamnati yana da wata illar da ba a cika faɗa ba. Kasafin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, kuma fiye da tiriliyan 14 a ciki na biyan bashi ne, abin da ya zarce kason ilimi da na lafiya a haɗe. Don ta samu masu ba ta rance, gwamnati ta riƙa biyan ruwan da ya haura kashi 20 a kan takardun bashinta na gajeren lokaci a 2024. Banki da ya ga haka, me zai kai shi bai wa mai casar shinkafa a Kamba rance? Ya karɓi ajiyar ƙananan mutane da arha, ya ranta wa gwamnati da tsada, ya kwana lafiya. Ruwan da gwamnati ke biya kuma daga harajin kowa yake fitowa. Dukiya ce ke tashi daga hannun masu ƙaramin tanadi tana komawa hannun masu babba, a bisa doka.

Akwai ƙofar da aka buɗe wa ƙaramin mai ajiya, amma kusan ba wanda ya san da ita a nan. Tun 2017 Ofishin Kula da Basussuka ke sayar da takardun Sukuk, waɗanda babu riba a cikinsu, ana gina hanyoyi da kuɗin ana biyan mai takarda ladan haya, kuma da naira dubu 10 ana iya shiga. Wannan ya dace da mutanenmu ƙwarai. Amma yawancin tallarsa da Turanci ake yi, sayensa sai ta hannun banki ko dillalin hannun jari, alhali akwai ƙananan hukumomi a jihar nan da mutum zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga reshen banki. Me zai hana a yi bayaninsa da Hausa da Zabarmanci da Dakarci da Fulatanci a rediyo, a bar mutum ya saya ta waya ko wurin mai POS na unguwa? Tsohon gwamnanmu Atiku Bagudu aka naɗa ministan kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki a 2023. Ya san fadamar nan, ya san kasuwannin nan, kuma irin wannan magana ce nake so in ji daga bakinsa.

Game da haraji, sababbin dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun zo da abin yabo: wanda samunsa bai wuce naira dubu 800 a shekara ba an ɗauke masa harajin samu, kayan abinci na yau da kullum babu harajin VAT a kansu, kuma VAT ɗin ya tsaya a kashi 7.5 da aka mayar da shi tun 2020. Sai dai mai albasa a Aliero bai taɓa cike takardar harajin samu ba. Harajinsa shi ne tikitin kasuwa, kuɗin lodi, kuɗin ƙungiya, da abin da direba ke miƙawa a kowane shinge daga nan har kudu, wanda a ƙarshe daga farashin buhunsa ake cirewa. Ga kuma naira 50 da ake cira a duk tura kuɗin da ya kai dubu 10. Wanda ya tura dubu 10 da wanda ya tura miliyan 10 kuɗi ɗaya suke biya. Ƙaramin abu ne a ido, amma ga matar da ribarta ta yini ba ta fi ɗari biyar ba, dalili ne na ta ci gaba da ƙulle kuɗi a bakin zane.

Ban ce mu ba mu da laifi ba. Gasar lefe da kayan ɗaki da bikin kwana da kwanaki suna cinye abin da zai zama jari, kuma malamai da sarakuna suna da aiki a kan wannan. Amma gidan da ya rage biki ya ajiye kuɗin, idan farashi ya cinye rubu'insu a shekara, me aka ce masa ya yi? Ana ta murna cewa alƙaluman hauhawar farashi sun sauko a 2025, bayan an sauya ma'aunin lissafin a farkon shekarar. Saukar alheri ce, ina fatan ta ɗore. Sai dai raguwar gudun tashin farashi ba ta dawo da bijimin da aka sayar, kuma gidajen da suka cinye tanadinsu a 2023 da 2024 daga sifili za su fara.

Don haka abin da nake nema daga masu mulki ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar sabon bashi. Gwamnatin tarayya ta tsaya a kan alkawarin daina cike giɓi da kuɗin Babban Banki, majalisa kuma ta daina wanke irin wannan bayan an aikata. A nan gida, tunda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye, kowane shugaban ƙaramar hukuma ya liƙa a bangon sakatariya abin da ya shigo a wata da abin da aka yi da shi, a karanta a rediyon jiha da harshen da mutane ke ji. Wanda ya biya da bijiminsa yana da haƙƙin ya ga lissafin. Ga manoma kuma, duk shawarar da ta shafi shigo da shinkafa ko masara a sanar da ita kafin watan Disamba, tun ba a zuba irin noman rani ba, tare da farashin da gwamnati za ta saya idan kasuwa ta faɗi, don mutum ya san ko zai sayar da dabbarsa ya sayi mai ko ya bar ta a turke.